KALMAR PASTURE DA MAKIYAYA

Kai mai karatu, da idonka ya saba da baƙaƙen boko, ba da daɗewa ba za ka fara cin karo da kalmomin Ingilishi, ko a jikin allon sanarwa a bakin hanya, ko cikin takardar malamin gona, ko a takardar shari'ar ƙasa. Waɗansu kalmomin ba su da wuya. Ka ji spoon, ka ce cokali, magana ta ƙare. Waɗansu kuwa sun zo ne da kayan ƙasarsu a ka. In ka karɓi kalmar ba ka kwance kayan ka duba ba, sai ka yi tsammani ka gane, alhali kuwa rabi ka kama. Kalmar da za mu duba yau irin waɗannan ce. Ga ta: pasture.

Baƙaƙenta bakwai ne, amma gaɓa biyu kaɗai a ke ji in an faɗe ta. Harafin farko shi ne ya kan ba Bahaushe wahala, gama mu ba mu rarrabe p da f. Ga dabara: haɗa leɓunanka su rufu ruf, kamar za ka ce b, sa'an nan ka buɗe su farat ɗaya iska ta fito, ba tare da maƙogwaro ya yi amo ba. Gaɓa ta biyu kuwa kada rubutunta ya ruɗe ka. Inda duk ka ga ture a ƙarshen irin wannan kalma, ca za ka ce, kamar ƙarshen caca. Watau pas-ca, da ƙarfin murya a kan gaɓar farko. Haka picture da nature da future su ke, duk ca ne ƙarshensu. Mutanen kudancin Ingila su kan ja wasalin farko, mutanen Amurka su kan karkata shi wajen e, su kuma bar r ta fito a ƙarshe. Ko wanne ka bi an gane ka.

Ma'anarta a taƙaice

Pasture ita ce ƙasa mai ciyawa wadda aka bar wa dabbobi su ci da bakinsu a wurin. Ka lura da abu uku cikin wannan magana: akwai ƙasa, akwai ciyawa, akwai dabba mai ci. In ɗaya ya ɓace, sunan ya faɗi. Ciyawar da ta fito a ƙofar gidanka grass ce. Filin da a ke buga ƙwallo, ko da ciyawarsa ta fi ta fadama kyau, ba a kiransa pasture, don ba domin dabba aka bar shi ba. Fako kuma, ko shanu sun kwana a kansa shekara, bai sami sunan ba, tun da babu abin ci.

Kalmar Hausa da ta fi kusa da ita ita ce makiyaya. To, a nan ma sai ka yi hankali da namu harshe, gama a rubuce makiyaya biyu ce. Akwai makiyaya, wurin kiwo, wadda a ke faɗi murya a sama tun daga farko har ƙarshe. Akwai kuma makiyaya, masu kiwo, wadda murya ta kan sauka a tsakiyarta. Pasture ta farko ce, wuri ne. Wani lokaci kuwa abin cin da ke wurin a ke nufi, kamar yadda Bafillace ya kan ce bana akwai kiwo a kudu.

Inda ta samo asali

Kalmar ba haifaffiyar Ingila ba ce. Tushenta harshen Rumawa ne, wanda a ke kira Latin, inda pascere ke nufin ciyad da dabba, pastura kuwa ciyarwar ce ko wurin ciyarwar. Daga can ta shiga Faransanci. A shekara ta 1066 Wiliyam mai mulkin Nomandi, wata ƙasa a arewacin Faransa, ya haye teku ya ci Ingila da yaƙi, ya zuba hakimansa a ko'ina. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a shekaru masu yawa, kalmominsa suka yi ta kwarara cikin Ingilishi, kamar yadda kalmomin Larabci suka shiga Hausa ta hanyar malamai da alƙalai. Wajen 1300 aka fara ganin pasture cikin rubutun Ingilishi. Talakawa dai suna nan da kalmominsu na gado, grass, ciyawa, da graze, cin ciyawa, waɗanda uwarsu ɗaya. Saboda haka har yanzu graze ce ta fi yawo a bakin manoma, pasture kuwa ta fi zama cikin takardun gado da na jinginar ƙasa da littattafan aikin gona.

Kana da wata 'yar'uwarta a bakinka ba ka sani ba. Shugaban majami'ar Kirista da mu ke kira fasto, da Ingilishi pastor ne, asalin ma'anarsa kuwa makiyayi, mai kai tumaki inda za su ci. Haka kuma in ka ga pastoralist cikin jarida, mutumin da kiwo ne sana'arsa da zamansa a ke nufi. Kada dai ka gama waɗannan da posture, wadda ke nufin yadda mutum ya tsai da jikinsa. Harafi ɗaya ne ya raba su, amma ba dangi ba ne.

Pasture da meadow

Ga wata kalma da ƙamus ya kan sa kusa da ita, har mai koyo ya zaci ɗaya ne. Meadow ma fili ne na ciyawa, amma manomin Ingila ba ya gama su. A pasture dabba ce ke zuwa wurin ciyawa. A meadow kuwa hana dabba shiga a ke yi har ciyawa ta yi tsawo, sa'an nan a yanke ta, a shanya, a tara, a kai wa dabba gida. Busasshiyar ciyawan nan ita ce hay, watau ingirici. Kalmar meadow ma dangin mow ce, yankan ciyawa. In kana so ka riƙe bambancin, ka ce pasture ta haƙori ce, meadow ta lauje.

Wannan rarrabewa tsohuwa ce. A 1086 Sarki Wiliyam ɗin nan ya sa aka zaga Ingila aka rubuta dukiyar kowane gari domin haraji, cikin littafin da a ke kira Domesday Book, kuma a ciki an lissafa meadow dabam, pasture dabam. A zamanin da, eka guda ta meadow ta kan fi eka guda ta gonar hatsi daraja, gama ingirici shi ne ran dabba a lokacin sanyi.

Ƙasar da kalmar ta girma

To, me ya sa mutanen Ingila suka damu da ciyawa haka, har suka yi mata sunaye iri iri? Sai ka dubi ruwan samansu. Abin mamaki, ruwan da ke sauka a Landan cikin shekara, wajen inci 24, bai kai na Kano ba, wanda a shekara mai kyau ya kan wuce inci 30. Amma namu cikin wata huɗu ko biyar ya ke zubowa duka, sauran watanni rana ta ƙone kome. Nasu kuwa kaɗan kaɗan ya ke zuwa kowane wata, rana kuma ba ta da zafin da za ta shanye shi. Saboda haka ciyawarsu kore ce kusan dukan shekara, gajera, mai kauri kamar darduma, saiwarta ba ta mutuwa. Ranin dabbobinsu shi ne hunturu. Sanyi ya kan tsai da tsiron ciyawa, ƙasa ta jiƙe ta yi taɓo, sai a shigad da shanu rumfuna tun wajen Nuwamba, a yi ta ba su abin da aka tanada, har wajen Afrilu a sake su.

Tun da ciyawa ba ta ƙaura, dabba ma ba ta bukatar ƙaura. Mutum ya kan kewaye filinsa da shingen itatuwa masu ƙaya, ko bangon duwatsu, ko waya, ya sa ƙyaure, ya zuba shanunsa ciki, ya tafi harkarsa ba mai bin su da sanda. Ya kan zuba wa filin taki, ya cire miyagun ciyayi, ya haƙa magudana. In ciyawar ta tsufa ya huɗe ya shuka sabuwa, tare da wani ɗan tsiro mai ganye uku, clover, dangin wake da gyaɗa, wanda saiwarsa ke ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda wake ke yi wa gonar gero. Filin da aka shuka don 'yan shekaru kaɗan kafin a mai da shi gonar hatsi sunansa ley. Wanda aka bari shekara da shekaru ba huɗa shi ne permanent pasture.

Wannan shi ne kayan da kalmar ta ɗauko a ka. Ba-Ingilishe in ya ce pasture, abin da ya ke gani a zuciyarsa fili ne mai iyaka, mai shinge, mai mai shi, gonar ciyawa sosai. In saniyar wani ta ƙetare shingen ta ci, an yi ɓarna ke nan, kamar yadda ta ke in ta shiga gonar dawa.

Da can ba haka Ingila ta ke ba

Kada ka zaci tun fil azal suna da shinge. Shekaru ɗari biyar da suka wuce, da ka je yawancin ƙauyukan tsakiyar Ingila da ka ga abin da ka sani. Gonaki a buɗe su ke ba shinge, kowa da kunyoyinsa. In an gama girbi sai a saki dabbobin gari duka su bi gonakin su ci abin da ya rage, su bar taki. Akwai filayen da a ke buɗewa ran ɗaya ga Agusta, bayan an kwashe ingirici. A bayan gari kuma akwai common, fili mai faɗi inda talakawa ke da hakkin kiwo, kamar hurumi a wurinmu.

A nan akwai abin lura. Common ba ƙasar da ba ta da mai ita ba ce. Tana da mai ita, yawanci hakimin wurin, amma ba shi da ikon hana masu hakki kiwo. Su kuma masu hakkin ba su da ikon zuba dabbobi yadda suka ga dama. An ƙayyade wa kowane gida adadi, a wurare da yawa kuma ƙa'idar ita ce, kada ka saki abin da ya fi wanda za ka iya ciyarwa da ingiricinka lokacin sanyi. Wannan hakki sunansa a shari'arsu common of pasture.

Abin da ya rushe wannan tsari tun farko kuɗin ulu ne. Da gashin tumakin Ingila ya yi tsada a kasuwannin Turai, sai masu ƙasa suka ga tunkiya ta fi talaka riba. Suka kewaye gonaki suka mai da su pasture, makiyayi guda da karensa suka maye gurbin gidaje da yawa na manoma. Tun a 1516 wani babban malaminsu, Thomas More, ya yi kuka da wannan cikin littafinsa Utopia. Daga baya sai abin ya koma hannun Majalisa, ana cewa don a kyautata noma ne. Daga 1604 zuwa 1914 an yi dokokin kewaye ƙasa fiye da 5,200, suka rufe eka wajen 6,800,000, kusan kashi ɗaya cikin biyar na Ingila. Wannan shi ne enclosure. Hatsi ya ƙaru, dabbobi suka yi ƙiba, wannan gaskiya ne. Amma mai saniya guda wanda bai riƙe takardar da ta nuna hakkinsa ba, sau da yawa ya tashi a tutar babu, ya sayad da saniyar, ya tafi ƙwadago. A tsaunukan Sikotilan abin ya fi muni, gama daga wajen 1750 zuwa 1860 an tashi ƙauyuka ɗungum domin tumaki, mutanensu da yawa suka haye teku zuwa Kanada da waɗansu ƙasashe.

Har yanzu akwai sauran common a Ingila. A bakin birnin Oxford akwai wani fili inda shanu da dawaki ke kiwo bisa hakkin da ya daɗe tun zamanin littafin Wiliyam. Sunansa Port Meadow, ko da ya ke aikinsa na pasture ne. Ka ga sunan wuri ba kullum ya ke bin ƙa'idar ƙamus ba, kamar yadda za ka iske unguwa ana ce mata Tudun Wada alhali a kwari ta ke.

Waɗansu kalmomi na kusa

Waɗannan ba za mu daɗe a kansu ba. Prairie a Amurka ta Arewa, pampas a Ajantina, steppe a Rasha da tsakiyar Asiya, veld a Afirka ta Kudu, duk sunayen manyan sarari ne masu ciyawa, sunan kamannin ƙasa ne, ko da dabba ko babu. Savanna ita ce irin ƙasarmu, ciyawa da itatuwa jefi jefi. Range a bakin mutanen Amurka daji ne mai faɗi da a ke sakin shanu ciki ba a shuka kome ba, kuma shi ya fi kama da kiwon Fulani. Can ma shinge ya same su, bayan da Joseph Glidden ya sami takardar mallakar irin wayarsa mai ƙaya a 1874. Ranch kuwa babbar gonar dabbobi ce mai iyaka. Akwai kuma browse, cin ganyen itace da 'ya'yansa, irin na akuya da raƙumi a gindin gawo. Wannan ba graze ba ne.

Inda hatsarin ya ke

Yanzu ka kawo kalmar gida. A ƙasar Hausa fili guda ya kan sake aiki sau biyu ko uku a shekara. Da damina gona ce, ba mai sa ƙafar dabba ciki. Da kaka, in an kwashe amfani, ta zama makiyaya, shanu su ci kara da ganye, mai gona ya sami taki, wani lokaci har ya ba makiyayi hatsi don ya kafa ruga a gonarsa. Saura ma makiyaya ce har ran da aka koma nomanta. Fadama da rani ita ce ran garke. Tsakanin waɗannan duka akwai burtali, da mashaya, waɗanda in an toshe su makiyayar ta zama banza ko da ciyawarta ta kai ƙugu. Ingilishi kuwa ya raba ƙasa gida biyu, arable ta noma, pasture ta kiwo, kowacce da launinta a taswira.

To, ka ga ramin da tafinta ke iya faɗawa, ta fuska biyu.

Ta farko, a ce takarda ta ce wani fili pasture ne na wane, kai kuwa ka juya wa jama'a ka ce daji ne, ko ka ce makiyaya ce ka yi shiru. Mai garke ya ji makiyaya, ya ɗauka ta kowa ce kamar yadda ya gada, ya kora shanunsa ciki. Gobe ga sammaci, ga tara, wata rana har da jini. Da ka ce makiyaya ce ta mutum guda, wadda aka keɓe, ba a shiga sai da izini, da ka cika amanarka. Kalmomi sun ƙaru, amma gara su ƙaru.

Ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa. Ma'aunin ƙasa ya zo da damina, ya iske fadama ba shinge, ba rumfa, ba saniya ko ɗaya, gama masu ita suna arewa. Tun da bai ga abin da littafinsa ya kira pasture ba, sai ya rubuta vacant land, ko waste, ko bush, watau ƙasar da ba mai amfani da ita. Da wannan kalma guda a ke iya ba wani filin. Rani ya yi, garke ya sauko kamar yadda ya saba tun zamanin kakanni, ya iske waya. In kana wurin da a ke rubuta irin wannan takarda, kana kuwa da ikon magana, ka nemi a rubuta dry-season pasture ko dry-season grazing, watau makiyayar rani, a kuma ambaci stock route, burtali, da watering point, mashaya. A ganina babu kalmomin Ingilishi da suka fi waɗannan amfani ga mutumin karkara. Abin da ya sami mai saniya guda a Ingila ya isa ishara: hakkin da ba a rubuta ba shi ne ya fara ɓacewa.

Dokokinmu ma da Ingilishi aka rubuta su, ko da ya ke grazing suka fi amfani da ita. A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyayu, wadda ta haifi abin da a ke kira grazing reserve, irin na Kaciya da na Wase. Sai dai keɓewa da baki dabam, bugawa cikin Gazette, jaridar shelar Gwamnati, dabam. Da yawa ba a buga su ba, gonaki da gidaje suka cinye su. Dokar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma iko ta ba mutum har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, abin da ya wuce haka sai da yardar Gwamna. Hekta guda kuwa wajen eka biyu da rabi ce. A 2017 Jihar Binuwai ta yi dokar hana open grazing, watau kiwon sake, ta ce sai a ranch. Mutane sun rabu a kan wannan doka, amma mai goyon bayanta da mai ƙinta duk suna bukatar sanin abin da kalmomin ke nufi kafin su buɗe baki. 'Yan'uwanmu na Nijar su kuma da Faransanci su ke fama, inda kalmar ta ke pâturage, uwa ɗaya da tamu. Tun 1961 dokarsu ta ja layi daga gabas zuwa yamma, ta ce arewa da shi ƙasar kiwo ce.

In malamin gona ya ce maka improved pasture ko sown pasture, makiyayar da aka shuka ya ke nufi, irin ta Ingila. An daɗe ana gwajin wannan a Shika kusa da Zariya, inda aka kafa gonar dabbobi a 1928. Gambarmu ma ta yi suna a duniya ta wannan hanya. A shekarun 1930 aka kai ta arewacin Ostareliya don a shuka wa shanu, ta ji daɗin ƙasar ta tsere daga shinge, ta yi tsawo ta yi kauri, har gobarar dajinta ta riƙa kashe manyan itatuwa. Yanzu hukumar can ta sa ta cikin miyagun ciyayin da a ke yaƙi da su. Abin da ke pasture cikin shinge ya zama weed, muguwar ciyawa, a bayansa.

Yadda za ka sa ta cikin magana

In fili guda ka ke nufi, sai ka sa a ko the a gabanta, in suna da yawa ka ƙara s a ƙarshe. "The cattle are in the pasture." Shanu suna cikin makiyaya. "The pastures are dry." Makiyayu sun bushe. In kuwa abin cin ka ke nufi, ba a ƙirga shi, sai ka bar ta tsirara. "There is good pasture near the river." Akwai kiwo mai kyau kusa da kogi. Kada ka sa a a nan, gama sai maganar ta koma kan fili guda.

Tana kuma zama kalmar aiki. "They pasture their sheep on the hill." Suna kiwon tumakinsu a kan tudu. Daidai ne, amma maganar littafi ce. A baki graze za ka fi ji, ita kuwa tana aiki ta fuska biyu: mutum ya yi graze ɗin shanunsa, shanu ma su yi graze da kansu.

Akwai salon magana biyu da ya kamata ka sani don kada a yi da kai kana dariya. Tsohon doki in ya gaza aiki a kan cire masa sirdi a sake shi a fili ya ƙare kwanansa. Daga nan suka sami put out to pasture. In an faɗi haka a kan mutum, an sallame shi daga aiki ke nan don an ga ya tsufa. Akwai raini a ciki. Mutum ya iya faɗin haka a kan kansa don raha, amma kada ka kuskura ka faɗa wa dattijon da ya yi murabus, kana zaton yabo ne. Na biyu shi ne greener pastures, makiyayar da ta fi kore. Wanda ya bar aikinsa ko garinsa don neman inda ya fi maiƙo, shi a ke ce wa ya tafi neman greener pastures. Ɗan cin rani ya san wannan tafiya sarai, ko da bai san sunanta da Ingilishi ba.

Gwaji

A ce kana tafe da wani mai garke wanda bai yi karatu ba, kuka iske allo a jikin ƙyaure an rubuta haka: "Private pasture. No grazing without permission. Keep the gate shut." Kalma ta farko, private, ita ce mabuɗin, ma'anarta na mutum guda, ba na jama'a ba. Permission izini ne, gate ƙyaure, shut rufe. Ɗauki fensir ka rubuta da Hausa abin da za ka gaya wa abokin tafiyarka, yadda ba zai yi shakkar ko ya shiga ko kada ya shiga ba.

Bayan wannan ka rubuta sunayen wuraren kiwo na garinku, hurumi da fadama da saura da burtali, ka sa watannin da a ke kiwo a kowanne. Sa'an nan ka gwada yi wa kowanne jimla guda ta Ingilishi da pasture ko grazing a ciki, ka kai wa malaminku ya duba.